Iya Dotun, Wadda Ta Ƙi Buga Fuskar Gbenro

Kafin injinan buga takardu na layinmu a unguwar Shomolu su fara ruri, Iya Dotun ta riga ta buɗe shago. Takan goge gilashin kwamfuta da gefen zani, ta ci wake da burodi a tsaye, sannan ta fara karɓar hotunan mutane, na biki da na mamaci da na 'yan takara. Aikinta daidaita girman hoto kafin a kai shi inji. Hoton da ya yi kyau a waya, in aka ja shi ya cika bango, sai fuska ta fashe ta koma dishi-dishi, don haka kowa ya zo sai ta tambaye shi ina asalin hoton, kuma a wane girma za a buga. Ni Lasisi nake yanka takarda a shagon da ke jikin nata. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki saboda idanunta sun gaji, shi ya sa nake son a san abin da na gani.

Wata damina aka yi fashi a kasuwar bayanmu, aka sari wani mai shagon waya har ya kusa mutuwa. Washegari da hantsi Baba Fasasi, shugaban 'yan kasuwar, ya shigo layinmu da samari a bayansa, wasu da gora a hannu. Ya miƙa wa Iya Dotun waya, ya ce kyamarar shagon ta ɗauki ɓarawon, a buga masa hoton ya kai girman ƙofa, a manna ko'ina kafin la'asar.

Na leƙa ta kafaɗarta. Fuskar Gbenro ce, mai gyaran janareta, wanda a lokacin yake tsugune a bakin layi yana kwance injin wani, ba su lura da shi ba. A nan kowa ya san abin da ake yi da tsohuwar taya da fetur in an ce ga ɓarawo.

Ta tambaya ko haka hoton ya fito daga kyamara. Ɗaya daga cikin samarin ya ce a'a, da farko ba ya ganuwa, shi ne ya sa shi a wata manhaja ta gyara shi ya fito sarai. Ta ce ya nuna mata na farkon. Da ta buɗe shi a kwamfuta, kan mutumin bai wuce ƙwayar wake ba, tana jan sa ya tarwatse ya zama 'yan murabba'ai masu launin toka, babu ido babu hanci.

"Baba, wannan fuskar ba kyamara ce ta ɗauke ta ba," in ji ta. "Manhajar ce ta ƙirƙira, ta cike abin da babu da ka. Ba zan buga ba."

Wuri ya yamutse. Wani ya buga gora a kan teburinta, wani ya ce ai dama an ce tana ɓoye ɓarayi, a fito da kwamfutar a fasa. Baba Fasasi ya ce, "Iya Dotun, ke kaɗai ce mai inji a Shomolu? Ko ɗan uwanki ne?" Ta ce ba ɗan uwanta ba ne, amma a ba ta dama ta je ta ciro asalin hoton daga na'urar da ke shagon da aka yi fashin, don wanda ya yi ta yawo daga waya zuwa waya ya riga ya tsotse. In fuskar da ta fito ta Gbenro ce, da hannunta za ta buga. Tana ɗaura ɗankwali ta raɗa mini in ɗauke Gbenro daga bakin layi.

Na ja shi ɗakin ajiyar takarda na kulle mu a ciki. Ya yi ta tambayata me ya yi, na kasa faɗa masa. Samari biyu na zaune a ƙofar shagonta suna jira, muna jin muryarsu ta jikin katako. Da ya ji an ambaci sunansa, sai ya zame ya zauna a ƙasa, ya toshe bakinsa da hannu. Ita kuwa tana can tsakiyar kasuwa, ita kaɗai a cikin mutanen da suka riga suka yanke hukunci.

Bayan azahar suka dawo. Ta buɗe asalin hoton kowa na kallo, fuska ta fito tar: wani dogo ne mai gemu, da tabo a kunci, babu wanda ya san shi. Baba Fasasi ya duba, ya ce a buga wannan ɗin. Ta buga shi daidai girman shafin littafi, ta ce iyakarsa ke nan, kuma ta roƙe shi ya kai wa 'yan sanda maimakon bango. Ya kai. Da suka watse ta zagaya bayan shago ta yi amai.

Hoton ƙaryar ya riga ya shiga wayoyi, sai da Gbenro ya koma Abeokuta ya yi watanni kafin ya iya dawowa. Yanzu yana da mata da 'ya'ya.

Iya Dotun, ke ce kika ji tsoro kamar yadda muka ji, amma kika ce a'a. Ke ce mai idon da ba ya ƙara wa hoto abin da babu. Mun gode, Allah ya ba idanun nan hutu.

Ku kuma masu zama a gaban kwamfuta a layin nan, manhajojin sun fi na wancan lokaci iya ƙarya. In an kawo muku fuskar mutum, ku tambayi asalinta kafin ku tura inji. Mai fuskar yana iya kasancewa a bakin layi, yana gyaran janaretanku.