Jajayen Igiyoyin Gidan Tudu

Shekarata ashirin da biyu ina aikin gyara a gidajen ƙaramar hukumarmu. Famfo, makulli, taga, duk abin da ya lalace ni ake turawa. Sunana Neville Pickersgill. Na ga ma'aikata da yawa sun zo sun wuce, amma mutum ɗaya ce na ga ya kamata a rubuta labarinta, Glenys Ackroyd.

Ita ce mai kula da Gidan Tudu, benen nan da ke bayan tsohuwar masaƙar ulu. Ɗaki talatin da ɗaya ne, kowane tsoho da nasa, da kicin ɗinsa da banɗakinsa da makullinsa. Ba asibiti ba ne. Mutane ne masu iya zaman kansu muddin akwai mai leƙa su. Glenys ce mai leƙawar, kuma a ɗakin ƙasa da ke bakin ƙofa ta zauna shekara goma sha tara.

A masaƙar ta fara aiki tana da shekara goma sha shida, cikin matan da ke duba yadi. Da tafin hannu take shafa shi ta gano inda zare ya tsinke, ta gyara. Da aka rufe masaƙar sai ta koma jinyar mahaifiyarta, shekara shida. Mijinta Stan direban bas ne, ya rasu bai ci fanshonsa ba. Ba su haihu ba. Wata uku da binne shi ta karɓi aikin Gidan Tudu, ta ce gara ta riƙa jin mutane suna tari ta bango.

Kullum ƙarfe takwas da rabi take fara zagaye. Ta ƙwanƙwasa sau biyu, ta ce, "Glenys ce." Amsa ɗaya take samu a kowace ƙofa: "Lafiya lau, 'yar nan, babu abin kuka." Mutanenmu ke nan. Ko ƙafar mutum ce ta karye, sai ya ce ba ya son ya dami kowa. Shi ya sa ba ta sauraron abin da suka faɗa. Tana shiga sai ta ɗora hannu a kan butar shayi ta ji ko da ɗumi. Ta leƙa madara ta ga ko an taɓa. Ta duba ko rigar jiya ce a jikin mutum. In ta ga abin da bai yi mata ba, ta kira likita ko 'ya'yan mai ɗakin, ta rubuta a wani littafi mai baƙin bango. Babu wanda ya taɓa neman ganin littafin nan.

Sai maganar igiya. A kowane ɗaki akwai jar igiya biyu, ɗaya gefen gado ɗaya a banɗaki, daga rufi har kusan ƙasa, don wanda ya faɗi ya ja a kawo masa ɗauki. In an ja, ƙararrawa ta buga wajen Glenys. In ba ta nan, kiran ya tafi wani ofishi a wani gari. A takarda haka abin yake. A zahiri kusan babu mai barin tasa a sake. Wannan ta ce kyanwa ke ja, wancan ya ce jikoki. Mafi yawansu kunya ce. Farar igiyar kunna fitilar banɗaki tana rataye kusa da ita, mutum ya miƙa hannu ya ja ja maimakon fara, sai wata murya ta fito daga bango tana tambayarsa ko yana numfashi, shi kuwa wandonsa a gwiwa. Wanda hakan ta taɓa faruwa da shi sau ɗaya ba ya bari a maimaita.

Mai ɗaure musu shi ne Wilf Sugden na ɗaki na tara. Shekararsa tamanin da takwas, dogo ne har yanzu, kuma shekara arba'in ya yi yana ɗaura zare a masaƙa. Ƙullin masaƙa yake yi, ƙarami, ba ya zamewa, can sama kusa da rufi. Ladansa kofin shayi da yankan kek.

Kowace shekara, kwana ɗaya kafin kwamitin sa ido na majalisa ya kawo ziyara, takarda ke zuwa mini daga ofis: a duba igiyoyi, a tabbatar kowace ta sauko ƙasa. In ɗauki tsani da ƙusa in bi su ɗaya bayan ɗaya ina tsefewa. Kansiloli su zo su ga komai daidai. Bayan kwana biyu Wilf ya mayar. Duk gidan an san haka. Masu karanta rahoto ne kawai ba su sani ba.

Bara, a watan Afrilu, aka kai wa kwamitin rahoto. An ce cikin wata goma sha biyu sau tara kawai aka ja igiya a Gidan Tudu, shida ma bisa kuskure. Saboda haka gidan ba ya buƙatar mai kula da ke kwana a ciki. A soke aikin, a ba wani ɗakinta, kira ya riƙa tafiya ofishin nan na wani gari. Kwamitin zai zo ranar Talata ya gani, bayan mako biyu a kaɗa ƙuri'a.

Ranar Litinin na shigo da tsanina. Glenys ta tare ni a bakin matakala.

"Neville, ajiye tsanin nan."

"Takarda ce ta kawo ni, Glenys."

"Na san takardar, shekara nawa ina ganinta. Bar su yadda suke, su gani da idonsu."

"In suka tarar a ɗaure ni za a fara kira ofis. Ke kuma a ce ba kya aikinki."

"A ce ɗin. Ai yanzu ma cewa ake babu aikin gaba ɗaya."

"Saura mini shekara huɗu in ajiye aiki."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "To hau. Ka yi a hankali kada ka faɗo, babu igiyar da za ka ja."

Na hau. Igiya sittin da biyu ce, hamsin da huɗu na samu a ɗaure, na kwance su duka. Ba ni da uzuri, kuma ba zan ƙirƙiro ba.

Ranar Talata kansila huɗu suka zo, da wata jami'a riƙe da fayil. Shugaban kwamitin, Kansila Hepworth, tsohon mai shagon magani ne, mai tumbi da ladabi. Tsofaffin nan kuwa tun asuba suke shiri. An goge tagogi, an gasa kek, an fito da kofunan baƙi. Wilf har da ɗaura nakatai a wuya. Babu wanda ya umarce su. A garin nan ba a barin baƙo ya ga gazawar mutum, ballantana baƙo daga majalisa.

Hepworth ya tambayi Wilf, "Mista Sugden, in babu Misis Ackroyd a gidan nan, kana ganin za ka iya?"

"Ni? Kansila, tun kana cikin zanen goyo nake ciyar da kaina. Ba na buƙatar mai raino."

Aka yi dariya, jami'ar ta rubuta. Glenys tana tsaye a bayansu riƙe da faranti. A watan Fabrairu ita ce ta tsince shi a ƙasan banɗaki, awa uku yana kwance, ƙullinsa na kansa yana lilo a samansa. Labarin yana cikin baƙin littafi. Amma igiya ake ƙirgawa, kuma ba a ja igiya ba.

Kwana huɗu ba ta yi mini magana ba. Ranar Asabar da safe ta bugo waya.

"Kai ka ɓata, kai za ka kai ni. Kawo motar."

Ɗakin karatu muka je, inda Hepworth ke zama ran Asabar yana sauraron koken jama'a. Ta bi layi bayan wani mai kukan ramin titi. Da aka zo kanta, sai ta ninke takardar da ta rubuto ta sa a jaka.

"Kansila, ni ban iya bayani ba. Ka zo ranar Alhamis ƙarfe tara. Kada ka gaya wa ofis. Ka sa tsohon wando."

Ya zo kuwa, wannan kam sai a yaba masa. Kai tsaye ta kai shi banɗakin Wilf, ni ina biye da su.

"Kwanta," ta ce.

"Na'am?"

"A ƙasa, nan tsakanin baho da bango. Ƙugunka ya karye, ba ka iya tashi. To, kira mu."

Ya dube ni, na kau da kai. Ya durƙusa da ƙyar, ya kwanta, tumbinsa ya cika wurin. Ya miƙa hannu. Tsakanin yatsunsa da igiyar ya fi tsayin mutum. Ya sake miƙawa har fuskarsa ta yi ja.

Wilf yana jingine da ƙofa da kofi a hannu. "Ƙulli ke nan na gaske," ya ce. "Ko ka kamo shi ba zai zame ba."

"Mista Sugden, don me ka ɗaure ta?" Hepworth ya tambaya daga ƙasa.

"Ba na son damun mutane."

"Faɗa masa na Fabrairu, Wilf," in ji Glenys.

"Yarinya, ban faɗi ba. Zama na yi."

"Awa uku."

"Ina zan je? Sauri nake?"

Mu biyu muka ɗaga Hepworth. Muka bi ɗakunan nan talatin da ɗaya, shi da kansa yake ƙirgawa. Hamsin da bakwai a ɗaure. A ofishinta ta ba shi shayi ta ajiye masa baƙin littafi a gaba. Ya yi kusan awa yana karantawa, shayin ya huce bai taɓa ba.

Ranar ƙuri'a na zauna a kujerun jama'a na baya. Hepworth ya faɗi abin da ya gani, har da kwanciyar. Wani kansila ya yi dariya, wani yana duba waya. Jami'ar ta ce an gode da wannan bayani mai amfani, kuma ya nuna akwai buƙatar wayar da kan mazauna gidan. Aka yi ta juya magana awa ɗaya da rabi. Daga ƙarshe aka tsayar da abu uku. Aikin mai kula zai ci gaba, amma safiya uku a mako, ba kwana. Za a aika wa kowane ɗaki wasiƙar hana ɗaure igiya. Ni kuma in riƙa zagaye da tsani kowane wata maimakon kowace shekara. Suka ce an samu daidaito, suka wuce maganar kwandunan shara.

Ƙarshen Satumba na kwashe mata kaya. Kwali goma sha ɗaya da kujerar Stan. Ta kama ɗaki a saman shagon burodi, hayin kwari, bas biyu daga Gidan Tudu. Da muka gama lodi Wilf ya sauko ya tsaya a bakin ƙofa.

"An huta da ƙwanƙwasa," ya ce. Bai koma ciki ba sai da muka sha kwana, ina ganinsa ta madubi.

Yanzu Litinin, Laraba da Juma'a ne ranakunta. Talata da Alhamis ma tana zuwa. Ofis ya rubuto mata cewa ba a yarda ta yi aiki a ranakun da ba nata ba, sai ta koma sa hannu a littafin masu ziyara, ta rubuta ta zo shan shayi. Ɗaki talatin da ɗaya take shan shayin. Gwiwarta ta hagu ta fara ba ta wahala, a hawa na biyu sai ta tsaya ta huta. Shekararta sittin da huɗu.

Asabar da Lahadi babu kowa. A watan Nuwamba Misis Dewhurst ta ɗaki na goma sha huɗu ta zame a banɗaki ranar Lahadi da rana, sai Litinin ƙarfe tara saura Glenys ta buɗe ƙofar. Ta rayu, amma daga asibiti gidan jinya aka wuce da ita, ba ta dawo ba. Kwana goma sha ɗaya kafin nan na kwance igiyarta da hannuna. Wilf ya rantse ba shi ya mayar ba, kuma na yarda, don ƙullin na mai ɗaurin takalmi ne. Ita ta hau kujera ta yi abinta. Tun daga ranar Wilf bai ƙara ɗaure wa kowa ba. Suna yi da kansu.

Jiya na yi zagayen wannan watan. Na gama, na zauna a matakala ina cike takarda: igiya sittin da biyu, duka sun sauko ƙasa. Gaskiya ne, a wannan awar. Glenys ta fito daga ɗaki na uku tana ɗingishi, jaka a kafaɗa.

"Nawa yau?"

"Arba'in da tara."

"An ci gaba," ta ce. "Ka gama ka sauke ni a tasha, Neville. Na rasa bas ɗin sha biyu."

Na ce har gida zan kai ta. Ta ce a'a, ba ta son damun mutane. Na karɓi jakar daga kafaɗarta na sa a mota.