Hancin Hajiya Rabi

Har in bar aikin nan ba zan manta da ranar da Hajiya Rabi ta zo gwajin hancinta na uku ba. Lokacin korona ta fara lafawa, ina babbar nas a wani ƙaramin asibiti a unguwar Sabo.

Hajiya mai haɗa humra ce a cikin gida, amaren unguwa duk wurinta ake zuwa. Ba ta da ma'auni, hancinta ne ma'auninta. Zazzaɓi da mura suka kwantar da ita, ta tashi ba ta jin ƙamshin komai. Wata biyu tana ɓoyewa, sai da uwar wata amarya ta dawo mata da kwalba ta ce, "Hajiya, wannan ba hannunki ba ne."

Likitanmu ya rubuta mata ƙwayar man kifi. Ya ce kitsen da ke cikinsa ana sa ran yana taimaka wa jijiyoyin hanci su farfaɗo, amma bai yi mata alkawari ba. Ni kuma na manta ban ce haɗiyewa ake yi ba. Baiwar Allah ta riƙa huda ƙwayar da allura tana ɗigawa a hanci, yadda ake yi da man habbatussauda. Laifina ne, na ji kunya, muka gyara.

Gwajin namu ba wuya. Mutum zai rufe ido, a kai masa kanumfari, citta da lemun tsami, ya faɗi abin da ya ji. Ran nan na ce, "Oya, maza Hajiya, shaƙa." Duka ukun ta girgiza kai. Na sunkuya zan rufe kwalabe, sai ta kama gefen hijabina ta kai hanci.

"Sista, wa ya haɗa miki wannan humrar? Farcen turaren bai soyu ba, ga miski an tula kamar na gayya."

A kasuwar Shasha na saye ta, kuma ni ban taɓa jin aibinta ba. Tsigar jikina ta tashi. Ita ma sai a lokacin ta gane abin da ta faɗa, ta fashe da kuka tana salati.

Likita ya ce ko man ne, ko lokaci ne, shi ma bai sani ba. Ni dai na ga ikon Allah. Tun daga ranar, kafin in gwada gaɓar mutum, sai na tambaye shi aikin da yake ci da ita.