Ranar da Na Hana a Goge Kwamfutar Makarantarmu

Shekarun baya, lokacin ina sakatariya a wata makarantar kuɗi a Gashua, kwamfuta ɗaya ce tal a ofishinmu, kuma ni ke riƙe da ita. Ba wani kwas na yi ba, taɓe-taɓe ne ya koya mini. Tun ina yarinya nake da wannan halin. Rediyon mahaifina biyu na kwance, ɗaya ce kawai ta sake magana.

A makon da muke yi wa 'yan ajin ƙarshe rajistar jarrabawa ta intanet, farin hasken allon ya fara sa mini ciwon ido. Sai na gani a wani bidiyo cewa burauza, wato manhajar da ake shiga intanet da ita, tana da wani ɓoyayyen shafi na saitin gwaji, inda ake iya mayar da kowane shafi baƙi. Na shiga. A sama an rubuta gargaɗi ɓaro-ɓaro cewa ba a gama gwada abubuwan nan ba. Na karanta, na gyaɗa kai kamar wata farfesa, na kunna na baƙin. Na hango wasu da aka ce suna ƙara sauri, su ma na kunna uku ko huɗu. Ban ga wani canji ba, na kashe kwamfutar na tafi gida.

Washegari da na buɗe, sai da na yi salati. Shafin rajista ya zama baƙi ƙirin, rubutun ma baƙi, ba a ganin ko harafi ɗaya. Hotunan yaran sun koma kamar fatalwa, fuska toka-toka, haƙora baƙaƙe. Ga shi ranar Laraba ce, Juma'a za a rufe shafin, kuma ko rabi ban yi ba. Na koma inda na yi taɓe-taɓen, shi ma duhu ne. Na ja bakina na yi shiru.

Shugaban makarantar ya shigo ya leƙa. Ya ce, "Malama, me kika yi mata?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, haka na same ta." Wanda gaskiya ne, amma rabinta.

Ba ya yarda da kowane mai gyara sai wanda ya sayar mana da ita a Nguru. Ya ɗebe mu da kwamfutar a motarsa zuwa can, ni da abokiyar aikina, wata 'yar Filato mai koyar da lissafi. Sai da muka wuce Jajimaji, sannan ta matso ta raɗa mini, "Ke kika taɓa, ko?" Na ce mata ta kalli hanya.

Mai gyaran bai yi minti biyu yana dubawa ba ya rufe ta. Ya ce wa shugaba, ba ni ba, "Yallaɓai, bairos ne, cutar kwamfuta. Sai an goge komai an sake zuba mata manhaja. Wataƙila allon ma ya taɓu. Ku bar ta, ku dawo Asabar."

Na ce, "Malam, hotuna da bayanan yara fa? A cikinta kaɗai suke."

Ya ce in an kwashe su, cutar za ta bi su. Sannan ya yi murmushi ya ƙara da cewa, "Shi ya sa nake faɗa, kayan ofis ba a barin mata suna latse-latse."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Wasu daga cikin yaran nan daga Katuzu iyayensu suka kawo su a kan babur aka ɗauke su hoto, sun koma gona sai an dawo hutu. In aka goge, wa zai tattaro su kafin Juma'a? Shekara guda za su rasa. Na sa hannu biyu na janye kwamfutar daga gabansa na rungume.

Shugaba ya ce, "Malama, ajiye."

Na ce, "Wallahi ba za a goge ta ba. Ranka ya daɗe, in ka ga dama ka sallame ni a nan, amma a ba ni rabin awa."

Na zauna a bencin shagon. Na buɗe hotunan daga inda na adana su, ba ta burauza ba. Ga su nan garau, kowa da fuskarsa. Na juya allon na nuna wa mai gyaran. Na ce, "Allon da ya taɓu ne ke nuna wannan? Wane irin bairos ne da ba ya cin komai sai burauza?" 

A nan na faɗi sauran rabin gaskiyar, da ƙarfi, kowa ya ji. Na ce ni na kunna saitin gwaji jiya, kuma ni zan kashe shi. Shugaba ya cire hula ya mayar.

Matsalar ita ce ba na ganin abin da zan danna. Ina ta yawo da maus, ɗan abin nan da ake nuni da shi a allo, a cikin duhu, sai hannuna ya zame na ja shi a kan shafin, wani layi ya yi shuɗi, rubutu ya fito a cikinsa. Abokiyar aikina ta buga cinyata ta ce, "Zaɓi duka! Zaɓi duka mana!" Na zaɓi shafin gaba ɗaya. Rubutu ya bayyana daga sama har ƙasa, a can gefe kuma ga maɓallin da ke mayar da komai yadda yake tun farko. Na yi bisimilla na danna. Burauzar ta rufe kanta, ta sake buɗewa.

Fari tas.

Mai gyaran ya leƙo ya ce dama abin da yake shirin gwadawa ke nan. Abokiyar aikina ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Malam," da wata murya da har yau in na tuna sai na yi dariya. Ranar Alhamis da la'asar na gama rajistar yaro na ƙarshe.

Shugaba bai yaba mini ba. Takardar gargaɗi ya ba ni, ya ce in sa hannu cewa ba zan ƙara shiga abin da ban sani ba. Na karɓi gargaɗin, don na cancance shi, na yi ganganci da makomar 'ya'yan mutane. Amma alkawarin na ce ba zan ɗauka ba. Na ce abin da zan iya shi ne in riƙa adana bayanai a wuri biyu, in riƙa rubuta duk abin da na taɓa, kuma ba zan yi gwaji a makon rajista ba. Ya soke layin da biro, na sa hannu.

Har yau ba na nadamar shiga shafin nan. Abin da nake jin kunyarsa shi ne shirun da na yi tun daga Gashua har Nguru, don tsoron kada a ce mace ta ɓata. To, na ɓata. Ni ɗin ce kuma na gyara, a gaban mutumin da ya ce kada a bar ni in taɓa.