Neman Kifin Jego a Ƙasar da Ba Ruwa

Alhamis: Gubaira zuwa tasha

Ƙarfe biyar saura kwata, ana idar da sallar asuba, na fito daga lungunmu na unguwar Gubaira a birnin Riyad da sandar fatsa a kafaɗa. Mutanenmu suna ƙofar masallaci, direbobi da leburori, kowa ya bi ni da kallo. Wani ya tambaya ko a kasuwar Batha na ɗaure kwalekwalen nawa. Na wuce abina. Ku da ke gida, kafin ku taya su dariya, ku tsaya ku ji dalili.

Ni ɗan masunta ne, daga wata tunga a bakin Kwara, ƙasa da Yawuri. A gidanmu akwai abin da muka gada. In mace ta haihu, kafin ranar suna sai ta sha romon kifin da mijinta ya kamo da ƙugiya, da hannunsa. Ba na saye ba, ba na taru ba. In ba a yi haka ba, yaro ɗa ne dai, amma ba a sa masa sunan kowa na gidan. Ni kuwa a shekarun nan da kuɗin mai suka tumbatsa na ajiye kwalekwale na zo Riyad ina tuƙa tifa, ina kai yashi wurin gine-gine. Baba bai yafe mini wannan ba. Da na aika masa cewa Rabi matata tana da ciki, amsar da wani alhaji ya kawo mini layi biyu ce: "Tunda ka zaɓi ƙasar da ba ruwa, ka yanka rago kamar kowa. Sunana kuma ka bar mini abina."

Ran Asabar Rabi ta sauka, namiji. Asabar mai zuwa suna. Maganar Baba ta yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba, kuma a ranar na ɗaura niyyar sai an kira sunansa a Gubaira, ko yana so ko ba ya so.

Labarin ruwa daga bakin Malam Isuhu na ji shi, wani ɗan Damagaram mai karatun shari'a, ɗakinsa a unguwar Ulaisha. Wani ɗan ajinsu ya gaya masa akwai tafkuna a Laila, can kudu, cikin ƙasar Aflaj. Malam ya ce shi bai ga kifin jego a kowane littafi ba, amma zai raka ni, don Larabcina bai wuce na "yalla" da "kam" ba, kuma yana so ya ga yadda zan dawo hannu rabbana. Kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini a ƙasar, ya rubuta mini takardar tafiya ta kwana biyu, Alhamis da Juma'a, yana rubutawa yana girgiza kai.

Kaya kuwa tun ran Laraba na saya a Batha, a shagon wani ɗan Yaman mai sayar wa Turawan kamfanoni. Ya baje mini sanduna masu ɗan keken naɗe zare, da kifayen roba masu idon fenti, da wasu ƙarafa masu ƙyalli kamar cokalin shayi. Ya ce Amurkawa da su suke yaudarar kifin tafkunan ƙasarsu. Na ce kifin da zai haɗiyi cokali ai ba shi da hankali, ban kuwa zo neman mahaukacin kifi ba. Ya turo mini wani ɗan akwati na ƙananan ƙugiyoyi.

"Ɗauki waɗannan, ya sadik. Ba ka san ruwan ba."

"Na yara ne," na ce, na tura masa abinsa.

Na zaɓi sandar da ta fi kowace kauri, da igiyar nailan mai tufka uku, da ƙugiya mai tsawon yatsa irin wadda muke yi wa giwan ruwa. Da ita na saba, kuma ban ga wanda zai koya mini kamun kifi a garin da ake sayar da ruwa a tanka ba.

Riyad zuwa Kharj, kilomita tamanin

Ƙarfe shida daidai tasi ta tashi da ni da Malam daga tasha, mu bakwai a ciki, riyal ashirin kowa. Sandar ba ta shiga but ba, sai ta taga muka fito da kanta. Hanya cike da tifofi da manyan motocin siminti, na ga abokan aikina biyu suka yi mini oda. Bakwai da rabi muka shiga Kharj, muka karya da gurasar tamis da wake a wata rumfa, da shayi mai zaƙi har yana kama leɓe.

Bayan gari kaɗan akwai shingen 'yan sanda. Wani mai igiya biyu ya karɓi igamata, wato takardar izinin zama, da takardar kafili, ya juya su, sannan ya ɗaga kai ya ga sanda.

"Wannan fa?"

"Samak," na ce. Kifi ke nan.

Ya nuna gabas da hannu, ya yi wata doguwar magana. Malam Isuhu ya ce, "Cewa ya yi teku na can wajen Dammam, kun ɓata hanya."

"Gaya masa na san inda za ni."

Malam ya gaya masa da Larabcin littafi, har mutumin ya miƙe tsaye sosai kamar yana gaban alƙali. Ya ce in mun dawo mu nuna masa abin da muka kamo.

Hauɗa zuwa Laila

A Hauɗa tasi ta ƙare, ƙarfe goma saura. Muka jira awa ɗaya da rabi kafin muka samu a-kori-kura mai kai buhunan shinkafa Laila. A baya muka zauna, bisa buhu, rana na dukan mu. Ba ko tsuntsu a hanyar nan, sai duwatsu da rairayi da raƙuma jefi-jefi. Malam ya lulluɓe kansa da hirami, ta ciki yake magana.

"Sarkin Ruwa, har yanzu kana jin ƙanshin kogi?"

"Ina ji."

Ƙarya nake yi. Abin da nake ji warin hanjin kaza ne da na zubo a gwangwani don sa wa ƙugiya, tunda ba inda zan haƙo tana a Riyad. Ƙarfe biyu muka sauka Laila, kilomita ɗari uku da ɗoriya daga gida. Muka yi sallah, muka ci shinkafar kabsa a faranti ɗaya, direban ya yarda ya ƙarasa da mu bakin ruwa.

Bakin tafki

Zan faɗi gaskiya, da na hango ruwan nan sai da idona ya cika. Shekara uku ban ga ruwa kwance ba. Ga shi shimfiɗe tsakiyar hamada, kore shar, da ciyayi a gefe, faɗinsa ya kai a yi masa kwalekwale. Na tsuguna na wanke fuska, na ɗanɗana. Da ɗan ɗaci, amma ruwa ne.

Wani tsoho mai gonar dabino a kusa ya zo ya tsaya a kanmu. Ya dubi ƙugiyata ya daɗe, sannan ya ɗaga ɗan yatsansa ƙarami ya yi magana.

"Ya ce kifin ruwan nan bai wuce haka ba," in ji Malam.

"Manomi ne. Me ya sani?"

Na sa hanji na wurga can tsakiya. Aka ɗan taɓa, na ja, ƙugiya ta fito fes, ba hanji ba kifi. Na sake. Haka. Na ce wa Malam babba ne, tsohon kifi mai wayo, na san halinsu. Na sauya wuri sau huɗu, na ƙara dalma don ta nutse ƙasa, na rage, na yi duk abin da Baba ya koya mini. Har rana ta faɗi ban ga ko ɓawon kifi ba, hanji kuma saura kaɗan. Tsohon ya ba mu tabarma a rumfarsa, da dabino da gahawa, a nan muka kwana.

Juma'a

Gari na wayewa na koma. Ba iska, ruwan ya kwanta har ana ganin ƙasa. Na saki ƙugiya a nan kusa da ƙafata don in ga ɓarawon da idona. Sai ga su sun taso, sun fi ɗari, kowane bai kai ɗan yatsa ba, suka yanyame hanjin suna tsattsaga. Ƙugiyar tawa ta fi wasunsu tsawo. Ko sun so su haɗiye ta, ba bakin.

Na zauna a ƙasa. A tungarmu irin wannan kifi mata da yara ke tarar sa da zane a bakin gaɓa. Namiji mai gemu in ya shigo da shi gida, an samu abin faɗi har jikokinsa. Ga kuma ƙananan ƙugiyoyin da na ture a Batha, suna can kilomita ɗari uku, takardar kafili kuwa yau take ƙarewa.

Malam Isuhu ya zo ya tsuguna kusa da ni. Na zaci tsiya zai yi mini, sai na ji ya sassauta murya.

"Mamman, mu koma. A Batha akwai na ƙanƙara manya-manya. Ka sayi ɗaya, bakina alaikum."

"Ban zo nan don in yi wa Baba ƙarya ba. Na zo ne in ƙaryata shi."

Sai ya ce, "To faɗa mini sharuɗɗan, ɗaya bayan ɗaya, yadda aka gada."

"Kifi. Da ƙugiya. Da hannun uban yaro. Kafin suna."

"An ambaci girma?"

Na duba, na sake dubawa, tun daga kan kakana. Ba wanda ya taɓa ambata, don a bakin Kwara ba wanda ya taɓa bukatar ya ambata.

"To ai shi ke nan," in ji Malam. Ya cire hularsa, ya zaro wata allura daga cikin naɗin, wadda yake ɗinke littattafansa da ita in sun yage. "Ka iya mai da wannan ƙugiya?"

Na iya mana. Na sa ta a garwashin gahawar tsohon har ta yi ja, na lanƙwasa da awartakinsa, na tsoma a ruwa. Na warware igiyar nan mai tufka uku, na zaro sili ɗaya. Sandar mai tsada na jingine ta a rumfa, tsohon ya yanko mini reshen dabino ya fere. Na ɗan tsinci hanji kamar ƙwayar gero na sa.

Allura ba ta da ƙayar da ke riƙe kifi, saboda haka biyar na farko duk suka suɓuce a iska. Na shida na fizge shi ya faɗo kan rigar Malam, yana ta tsalle, Malam na tare shi da hannu biyu yana salati. Tsohon ya yi dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi ba, don na taɓa jawo giwan ruwan da sai da mutum uku suka ɗauke shi, amma bai kai mini darajar wannan ba. Zuwa ƙarfe goma sha ɗaya ina da goma sha ɗaya. Na jera su a tsinke na yi musu banda a wutar tsohon, na zuba a gwangwanin madara. Sandar kuwa na bar masa, ya ce za ta yi kaɗe dabino.

Komowa

Muka yi Juma'a a Laila, ƙarfe ɗaya da rabi muka samu motar kayan lambu mai zuwa Riyad kai tsaye. A shingen Kharj mai igiya biyun nan yana nan, ya kuma gane mu. Na buɗe masa gwangwani. Ya leƙa, ya kira abokinsa shi ma ya leƙa, suka yi ta yi. Na bar su suka gama, na rufe abina.

Ana fitowa sallar magariba muka shigo Gubaira, mutanen jiya suna ƙofar masallaci.

"Sarkin Ruwa, ina giwan? Ko sai an kawo tifa?"

Malam ya ce in wuce kawai. Na ƙi. Na tsaya tsakiyarsu na buɗe gwangwani, na bi su ɗaya ɗaya na nuna wa kowa. Na ce, "Ku duba da kyau. A nan ƙasar Najadu na kama, da ƙugiya. Wanda ya taɓa kamo wanda ya fi shi a ƙasar nan ya yi magana." Na rufe gwangwanina na wuce gida.

A gida na tarar da Iya, tsohuwar maƙwabciyarmu da ke yi wa Rabi wankan jego. Rabi ta karɓi gwangwani ta duba, ta fara dariya tana cewa, "Maigida, ka bari, cikina ciwo yake." Daga dariyar sai hawaye. Iya ta daka yaji da citta ta yi romo da guda goma, ko rabin kwano bai kai ba. Rabi ta shanye tas, har ƙayar ta tauna. Na goma sha ɗayan na naɗe shi a takarda na sa a ambulan, na rubuta layi biyu ni ma: "Akwai ruwa. An sa sunanka."

Ran Asabar da hantsi liman ya kira sunan Baba a lungunmu, aka shafa fatiha. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Na gode wa Malam Isuhu da allurarsa, da tsohon Laila wanda ban ko tambayi sunansa ba, da Iya, da Rabi wadda ba ta taɓa ce mini kada in je ba.

Bayan wata huɗu wani mutumin tungarmu ya zo aikin hajji, ya biyo ta Riyad da ɗan ƙulli a tsumma. Ba takarda a ciki. Ƙugiya ce 'yar mitsitsiya, irin wadda ake fara ba yaro a gidanmu, kuma ina gani na san ƙirar Baba ce. Na tambayi mutumin ko akwai saƙon baki.

"Akwai. Ya ce bandar taka ba ta ji wuta ba, ka manta aiki." Ya kurɓi shayi. "Ya kuma ce a gaida masa takwara."