Baƙuwar da ke Zama a Bayan Aji

Duk wanda ya yi karatu a sakandaren kwana ta gindin dutse, kusa da Dedza, ya san Malam Limbani Kaphale mai koyar da lissafi. Dogo ne siriri, ga shi da kallon gefen ido. Idan ka gaishe shi da fara'a sai ya tsaya yana tunanin me kake nema a wurinsa. Abin ya ƙaru tun da wani Bature ɗan sa-kai ya ɗauki hotonsa yana cinikin gasassun ɓeraye a bakin titi, daga baya ƙaninsa da ke Lilongwe ya ga hoton yana yawo a waya ana dariya. Daga nan Malam Kaphale ya shafa wa duk wani baƙon malami baƙin fenti.

Ana nan sai shugaban makarantar, Malam Gondwe, ya shigo ɗakin malamai da wata 'yar gajeriyar mata mai suna Pramila Gurung. Ya ce daga Nepal take, ta zo koyarwa kyauta, kuma lissafi za ta ɗauka.

"Lissafi?" in ji Malam Kaphale. "Ranka ya daɗe, ni mutuwa na yi?"

"Haba Malam, hannu da yawa ai maganin ƙazamar miya."

Aka ba ta gidan da ke manne da nasa. Da rana tana cin nsima, tuwon masarar ƙasar, da ƙananan kifi tare da kowa, da hannu kuma, ba cokali. Tana ɗibar ruwanta da kanta a famfo, tana wanki ranar Asabar, tana gaida matan malamai da gurguwar Chichewa, harshen ƙasar, suna shewa. Shi kuwa duk wannan bai kwanta masa ba.

"Maman Tadala," ya ce wa matarsa, "mutum ya baro uwa da uba, ya ƙetaro teku, ba albashi, don kawai ya ci nsima? Ruwa ba ya tsami banza."

"To, Baban Tadala, ko ita ma ɓerayenka ta biyo?"

Bai yi dariya ba.

Wata safiya yana tsakiyar darasi ya hango Pramila zaune a bencin ƙarshe, ta tallafe haɓa tana kallonsa. Washegari ta dawo. Sai tambayoyi suka biyo baya: tun yaushe yake makarantar, a ina ya yi karatu, me ya sa yake barin yara su yi gardama da harshen gida. Ran da ya gan ta a gaban motar Malam Gondwe sun nufi gari, inda ofishin ilimi yake, ya ce shi ke nan, an gama da shi.

Tsoro ya sa ya canza. Mutumin da a da yake shiga aji da alli kawai, yanzu sai ya shirya darasi tun a gida. Ya daina fita shan shayi ana tsakiyar aiki. Ya koma duba aikin yara ɗaya bayan ɗaya, yana yi yana tsaki.

Da abin ya ishe shi ya tare ta a bakin famfo.

"Malama, ki gaya mini gaskiya. Wa ya aiko ki ajina?"

Ta ajiye bokiti. "Ba kowa, Malam. Ni yarana ko me na faɗa sai su ce sun gane, in na ba su aiki kuma ba wanda ya iya. Maganata ce ba sa ji, kunya ta hana su faɗa. Kai kuwa har musu suke yi da kai. Shi nake son koya."

"Zuwa gari da shugaba fa?"

"Takardar izinin zamana ce ta kusa ƙarewa, na je sabuntawa."

Ya gyaɗa kai, ya ma taya ta ɗora bokitin. Amma da ya shiga gida cewa ya yi, "Amsar ta yi santsi da yawa. Shiryayya ce."

Duk da haka ya bar ta tana shiga ajin, wai gara maciji yana inda kake ganinsa. Har ya fara leƙa nata ajin, yana tsawata wa yara su buɗe baki su yi tambaya. Matarsa da Pramila kuwa suka ƙulla ƙawance, suna tsince wake tare a inuwar mangwaro, shi yana daga ɗaki ya kasa kunne.

Da wa'adinta ya cika aka yi mata walima, yara suka yi waƙa, ta yi kuka ta tafi. A shekarar ɗalibai suka ci lissafi fiye da yadda aka saba. Ba a jima ba Malam Gondwe ya kira shi ofis, ya miƙa masa hannu, ya ce an ɗaga shi zuwa mataimakin shugaba a wata makaranta a Salima, bakin tafki.

Matarsa ta rangaɗa guɗa. Shi kuwa ya zauna a bakin gado yana kwance igiyar takalmi.

"Ban gaya miki ba? Rahoto take kaiwa."

"Kai Baban Tadala! Girma fa aka ƙara maka!"

"Na ji. Amma wa ya kai sunana?"

Yana can Salima har yanzu, ya yi furfura, yana ƙorafin zafi da sauro. Kwanaki aka turo musu wani ɗan sa-kai daga Koriya. Malam Kaphale da kansa ya zaɓa masa gida, wanda yake iya hango ƙofarsa daga tagar ofis.