Ranar da Bijimi Ya Ja Siminti

Baffa, mahaifinmu, ba ya yarda da igiyar da bai ja ba. Ko a kasuwar Batsari sai ya taka bakinta da ƙafa, ya ja har jijiyar wuyansa ta fito, mai igiya na kallo. Haka yake da komai, har da mutane.

Shekarar da bangon ɗakin marigayiya Innarmu ya tsage a ƙauyenmu Zakka, ya ce a rushe kafin damina, kada ya faɗo wa jikoki. Ni ina koyarwa a Batsari, na hau mashin na zo da fushina kawai. Ƙanwata mai karatun gini a Katsina ta fi ni dabara. Ta zo da wata raga ta zaren gilashi, kamar gidan sauro mai manyan idanu, ta ce in aka binne ta cikin yaɓen siminti za ta riƙe bangon.

"Tsumma ne zai riƙe ɗaki?" in ji Baffa. "To a ja mu gani."

Ta zuba falle biyu masu tsawon hannu, ɗaya siminti zalla, ɗaya da raga a ciki. Da suka bushe ta matse bakunansu da katako, aka ɗaura igiya, gefe ɗaya a tsamiyar ƙofar gida, ɗayan a wuyan bijimin huɗarmu. Unguwa duk ta fito, mata na leƙe ta saman danga.

Siminti zalla ko numfashi bai yi ba. Ɓas! Bijimi ya yi gaba, Baffa da ke riƙe da shi ya zauna daɓas, hula ta yi nata wuri. Na yi dariya har na riƙe ciki, kuma ban tuba ba.

Aka ɗaura na biyu. Ƙas, ya tsage. Sai wata tsaga siririya kusa da ita, sai wata, sai wata, amma fallen bai rabu ba. Ƙanwata na tsalle tana ihu: "Ya tsage, bai saki ba! Zaren ne ke karɓar jan!" Ni ma, malamin makaranta da gemuna, na hau tsalle. Bijimi ya ja, ya gaji, ya hango harawa, ya manta da mu.

Baffa ya kwance fallen, ya bi tsagogin da farce. Ya taka, ya ja da kansa, don shaidar bijimi ba ta ishe shi ba. Sannan ya shiga ɗakin Inna, wanda rabonsa da shiga tun ranar da aka fito da ita. Muka tsaya a ƙofa, dariya ta ɗauke. Yana tsaye gaban baƙin hayaƙin da fitilarta ta bari a bango.

"Ke 'yar nan, sa ragarki," ya ce, bai juyo ba. "Amma ta waje. Wanga ciki ku bar mani shi yadda ta bar shi."