Uwar Sito, Wadda Ta Ƙi Yi Wa 'Yata Kitso

Kullum ƙarfe shida da rabi na safe take buɗe sito. Ɗaki ne siriri mara taga, can ƙarshen baranda, a gidan da ake saukar da waɗanda suka rasa matsuguni. Za ta jona butar shayi, ta hau ninke barguna. Kafin bakwai layi ya kafu: mai neman sabulu, mai neman tawul, mai neman takalmin yaro. Idan an watse sai ta kife wani tsohon bokitin fenti ta zauna, ta ci abincinta ita kaɗai. Shekara ashirin da shida ke nan, kuma ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Kowa Uwar Sito yake ce mata. Ni Inna nake ce mata.

Wani tsohon direba da muka kwana ɗaki ɗaya ya ce bai taɓa ganin ta miƙa wa mutum bargo haka kawai ba. Uku take shimfiɗawa a kan tebur, ta ce ka zaɓa. Ya ce ranar da ya zo ya daɗe tsaye a gaban bargunan, don ya kwana biyu ba wanda ya tambaye shi abin da yake so. Mai dafa abincin gidan kuma ta shaida mini cewa Inna ce ke goge wa yara kayan makaranta, ta kankare tambarin gidan daga jikin jakunkunansu, don kada a tsokane su a aji.

Ni facin taya nake yi. Matata ta rasu, bayan wata biyu gobara ta cinye gidan da muke haya. Na zo gidan nan da 'yata mai shekara takwas da leda ɗaya. Tsarin gidan shi ne maza a ɓangarensu, mata da yara a nasu. Uba da 'ya mace ba su da gurbi. Ita tana kwana cikin matan da ba ta sani ba, ni ina wancan gefen bango ina juyi. A baranda muke haɗuwa, mu zauna kan benci kamar masu jiran mota.

Tun rasuwar uwarta ba a taɓa kanta ba. Gashin ya dunƙule, tana ta susa, ni kuma hula nake danna mata. Malamarsu ta kai rahoto. Sai ga jami'ar kula da yara ta zo da fayil, ta ce za ta dawo bayan mako uku. Idan ba ta gamsu cewa zan iya riƙon yarinyar ba, gidan yara za a kai ta.

Na je sito na ce, “Inna, don Allah ki taimaka ki yi mata kitso.”

Ta ce, “Ba zan yi ba.”

“To zan roƙi matan can.”

“Na riga na hana su.”

Allah ya sani, a lokacin na tsane ta. Na juya zan fita, ta ce, “Baban yarinya, dawo. Wanke hannun nan, baƙin taya ya yi yawa.” Ta ciro sabon kan mofa, mai zaren nan na goge ɗaki, ta ɗaure shi a bayan kujera. “Raba zaren uku. Na dama ya hau na tsakiya. A'a, ba igiyar ɗaure kaya ba ce, sassauta.”

Haka na riƙa yi kullum in na taso daga aiki. Ƙato da ni, ina durƙushe gaban mofa. Mazan ɗakinmu suka samu abin yi. Direban nan ya leƙo ya ce, “Gwanar kitso, nawa ne kai ɗaya? Ni ma a sa ni a layi.” Shi kuwa sanƙo ne da shi har ƙeya. Inna ta ce, “Kai naka da tsumma ake yi, zo in goge maka.” Ranar na yi dariyar farko tun da na shigo gidan.

Bayan kwana shida ta ce in kawo yarinyar. Tsefewa da tajewa kaɗai sun ci mana yamma biyu. Tana kuka, ina gumi. Na ce, “Uwata, yi haƙuri, saura kaɗan.” Ta ce, “Baba, Mama ba haka take ja ba.” Na dakata da tajewar. Na ɗaga kai na dubi Inna ko za ta karɓa. Tana tsaye a bakin ƙofa, ta harɗe hannuwa a baya, idonta ya yi ja. Ba ta matso ba. Cewa kawai ta yi, “Riƙe gashin daga tushe, sannan ka taje bakin.”

Ranar da jami'ar ta dawo, kalaba tara ce a kan 'yata, tsagar duk a karkace. Ta dubi kan, ta ce, “Wa ya yi miki wannan?”

“Babana. Da yana sa ni kuka, yanzu ya rage.”

Matar ta kwance guda ɗaya, ta miƙo mini mataji, ta ce in mayar a gabanta. Na mayar. Ta yi rubutu mai tsawo, ta rufe fayil, ta ce yarinya za ta zauna a hannuna.

Sai daga baya mai dafa abinci ta faɗa mini dalili. Inna ta ga ubanni biyu da aka raba da 'ya'yansu a gidan nan. Matan ɗaki sun tausaya, sun yi wa yaran wanka da kitso mai kyau, jami'a ta zo ta rubuta cewa mata ne ke riƙonsu, uban ba ya iya komai. Tun daga nan Inna ta daina karɓar hidimar yaro daga hannun uba.

Inna, ke ce kika yarda in tsane ki na kwana shida don kada in rasa 'yata. Da kin yi kitson nan, cikin awa ɗaya kin gama, na yi miki godiya har ƙasa, na tafi ina ganin kirkinki. Ke ce mai hannu a baya, alhali hannun yana ƙaiƙayin taimako.

Akwai abin da nake jin kunyarsa. Da muka samu ɗaki muka tashi, shekara uku ban waiwayi gidan nan ba. Ko layin ba na bi. Ba ni kaɗai ba ne, duk wanda ya fita so yake ya manta ya taɓa kwana a can, sai ya haɗa da Inna ya manta. Makon jiya na ji za ta bar aiki, na je. Na tambaye ta ko mutane suna dawowa gaishe ta. Ta ce, “Jefi-jefi. In ba su dawo ba ai lafiya ce.”

Ku da kuka taɓa karɓar wani abu a ƙofar siton nan, saura kwana goma sha ɗaya. Ku je. Ba sai kun kai komai ba, ku tsaya ta gan ku a tsaye da ƙafafunku. Ku kuma masu aiki a irin waɗannan gidaje, idan kun ga uba yana fama da abin da za ku gama cikin minti biyar, ku daure ku tsaya kusa da shi, ku bar shi ya yi.

Inna, Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya sa ki samu mai kula da ke. Yanzu haka da nake rubutun nan 'yata tana tsakar ɗaki tana aikin makaranta, tana mita wai na ɗauke mata biro. Na gode.